Wata uku ina koyar da Turanci a Accra, har yau cikina bai karɓi garin ba

Bazazzage a Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a garin nan, don abin ya fara damuna.

Ni mutumin Zariya ne. Turanci na karanta a ABU, na yi shekara 5 ina koyarwa a wata sakandare ta kuɗi a Sabon Gari, sai wani abokin karatuna ya samo mini aiki a nan Accra. Makarantar koyon harshe ce a wajen Alajo, ɗakuna shida a saman wani bene. Ɗalibanmu ba yara ba ne, samari ne da 'yan mata har da magidanta, daga Nijar, Burkina Faso, Kodebuwa, Mali da Gini, sai wasu biyu daga Gabon. Da Faransanci suka yi boko, sun zo su yi wata shida ko shekara su kama Turanci don neman aiki ko shiga jami'a. Aikin kam alhamdulillahi. Ciki ne ya ƙi.

Sunaye ne suka yaudare ni. Tun ina gida abokin nan yake ce mini, kai kwantar da hankalinka, rabin abincin titi a Ghana da Hausa ake kiransa: tuwon zafi, koko, ƙosai, wake, fura, masa, funkaso. Na ce ashe gida zan je. Daren da na sauka ya kai ni wurin wata mai tuwo a unguwar Nima. Aka zubo mini wani abu fari mai laushi yana sheƙi, in ka gutsura sai ya biyo hannunka kamar danƙo. Ashe garin rogo suke haɗa wa na masara. Aka kwarara miyar ayoyo koriya shar, aka ɗora jar miya a kanta, ga tumbi ga hanji. Ni da na tashi da tuwon dawa mai tauri, wanda za a yi malmala ya kwana a yi ɗumame da safe, da miyar kuka da ɗan man shanu, loma uku na yi na wanke hannu. Abokina ya cinye nasa ya jawo nawa.

Washegari da rana na ce bari in gwada wake. Na je da tunanin garau-garau, na ce wa matar ta sa mini mai da yaji. Ta dube ni, ta dubi 'yarta, suka kwashe da dariya. Abin da aka ɗaure mini a ganye: shinkafa da wake ja-ja-ja, taliya a kai, garin kwaki, ganda, dafaffen ƙwai, ganyen salak, da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi da suke kira shito. Na ci, don yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce, amma ranar sau huɗu ina barin ɗalibai a aji. Shi kuwa kenke, ƙullin masara mai tsami da ake dafawa a naɗe, ko taɓa shi ban yi ba, tsamin da ke tashi in an ɓare shi kaɗai ya ishe ni.

Yanzu rayuwata ta koma shayi da burodi da safe, biskit da ruwan leda da rana, Indomie da ƙwai da dare a teburin wani Bazabarme mai shayi. Bel ɗina sai da na ƙara masa huji biyu. Kuɗi kuma suna zirarewa ban ga abin da na ci ba. Uwargida ta gan ni a bidiyo ta ce ko dai ba ni da lafiya ne nake ɓoye mata.

Sauran abubuwan ina lallaɓawa. Zafin garin ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, takalmina na Juma'a har fumfuna ya yi a ƙarƙashin gado. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, sau biyu ina kiran gida an riga an kwanta. Mai gidan da na nema ya ce sai kuɗin shekara 2 a dunƙule, shi ya sa har yanzu ina raɓe a ɗakin abokina. Hausar zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a nan, ita ma sai da na kasa kunne, wani ya ce mini "matata ya zo" na tsaya ina neman namijin.

To don Allah, ku da kuka saba, yaya kuka yi? Me zan fara da shi? Gidajen abincin nan da suke kira cofba, Musulmi zai iya ci a ciki? A ina zan sami kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa? Kuma ku gaya mini tsakani da Allah, in ɗauko iyali ko in dakata?

Mman Yara, Maamobi:

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, sannu da baƙunta. Ni a Maamobi aka haife ni, uwata ta yi shekara 30 tana sayar da wake a bakin titi, ni ce mai wanke mata ganye tun ina 'yar firamare. Don haka bari in fara kare tukunyarmu.

Jan da ka gani ba kala ba ce. Karan dafi ne, ganyen jar dawa, da shi ake dafa waken, da 'yar kanwa don ya yi laushi. Abin naku ne ma, daga arewa ake kawo shi. Kuskurenka guda, ka tsaya shiru aka haɗa maka komai. Nan ba a haka. Kowane abu da kuɗinsa, kai za ka faɗa: wake na kaza, ƙwai ɗaya, miya kaɗan, ban da salak, ban da shito. Kuma wake abincin safe ne. Ka je kafin ƙarfe 10 yana turiri. Wanda ka saya da rana tsaka, da salak ɗin da ya wuni a buɗe, ni shi nake zargi da fitar da kai daga aji, ba shito ba. Shito barkono ne da albasa da citta da busasshen kifi da jatan lande, a soya su cikin mai a hankali har su yi baƙi. Yana wata da watanni a kwalba bai lalace ba, shi ya sa duk yaron da za a kai makarantar kwana sai an cusa masa a akwati. Ka ce a sa maka a gefe, ka riƙa lasa kaɗan-kaɗan. Nan da azumi da kanka za ka nemi ƙari.

Da safe ka bar burodin nan ka koma koko. Namu gero ne da aka jiƙa ya ɗan yi tsami, aka niƙa da citta da kanumfari da barkono. Ya fi naku yaji, amma shi ne ya fi kusa da abin da cikinka ya sani. Ka haɗa da ƙosai da soyayyar gyaɗa, ka ce kada ta cika sukari, don mu hannunmu yana da nauyi a nan. Da rana in zafi ya taso akwai fura, mu fula muke cewa, akwai burkina, gero da nono mai sanyi a gora. Sobolo da kake gani a firji zoɓonku ne, suna kawai ya sauya.

Kayan miya kuwa kana zaune a kansu ba ka sani ba. Kasuwar Nima ranar Laraba take ci. Kuka, kuɓewa, daddawa, gero, dawa, duk za ka samu wurin matan da ke kawo kaya daga Tamale da Bawku. Ka sayi masara ko dawa ka kai inji, ka tsaya a kai ka ce kada a sa maka rogo. Ƙaramar tukunyar gas, tukunya ɗaya, muciya ɗaya. Namiji ne kai, na sani, amma muciya ba ta cizo. Sai dai ka kula da tsofaffin kasuwa, wata za ta ce maka dubu hamsin, kada ka zabura, sidi 5 take nufi. Tun 2007 aka yanke wa kuɗinmu sifiri huɗu, su har yau da tsohon lissafi suke ciniki.

Maganar iyali, kada ka ɗauko 'yar mutane sai ka sami ɗaki mai bayan gida a cikin gidan. Gidajen haya da yawa a zango babu, sai na gwamnati a biya a shiga, da layi da asuba. Mu mun saba, ita ba za ta yafe maka ba.

Ka ce muna cewa "matata ya zo". E, haka muke faɗa, kuma matar tana zuwa.

Ɗan Tawa mai albasa:

Mushe, kamar yadda muke ce wa malami a Nijar, barka da aiki. Ni irin ɗalibanka ne, na yi wata takwas a lakwal irin taku kafin na koma sana'ar gidanmu. Albasar Galmi muke saukewa, da a Agbogbloshie muke, a 2021 aka tashe mu aka mai da mu Adjen Kotoku, can bayan gari.

Abinci dai ka tambayi ɗalibanka. Duk inda 'yan Kodebuwa suka taru sai ka sami mai aceke da soyayyen kifi, rogo ne amma warwas yake kamar dambu, ba ya danƙo, ba zai ba ka wahala ba. Burkinar da Hajiya ta faɗa kuma dege ne, mu mun san shi tun gida. In kilishi kake marmari, direbobinmu suna zuwa da shi.

Amma ga abin da ya sa na yi magana. Muna da wani malami Basakkwace, mutumin kirki. Da ya ga mun kasa gane darasi sai ya juya mana da Hausa. Mu 'yan Nijar muka so shi kamar me, muna kai masa shayi, muna raka shi tasha. Ranar jarrabawa 'yan Gabon da ba su da wanda zai fassara musu suka wuce mu fintinkau. Kuɗin babana na wata takwas, abin da na fito da shi bai wuce gaisuwa da ciniki ba. In 'yan uwana suka matsa maka da Hausa a aji, don Allah ka ɗaure fuska. A teburin mai shayi ku yi ta yi.

Kawu na Aboabo, Kumasi:

Ɗana Bazazzage, na karanta bayaninka na yi dariya, sannan na tuna da ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Kakanmu Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Gwanja. A wancan zamani Salaga ce matattara, can ayari ke sauke kanwa da tufafi da fatu ya ɗauki goron Asante. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu nan Kumasi, wasu Ankara inda kake. Ankara muke ce wa Accra, ba ta Turkiyya ba. To ka ga, sun zo da sunan tuwo a bakinsu, amma kurmi ba ya yin gero da dawa. Abin da ƙasa ta ba su masara ce da rogo da agada da manja. Matan da suka aura kuma Dagomba ne da Gonja da Mosi da Kotokoli, kowacce da hannun uwarta. Shekara ɗari ana tuƙa tuwo a haka, ka ce zai fito irin na Tudun Wada?

A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Ƙanen babana yana cikin waɗanda suka tafi, ya koma Kano wurin dangin da bai taɓa gani ba. Aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka kawo masa tuwon dawa da miyar kuka. Ya ce mana kamar yana haɗiyar bulo. Shekara 4 ya yi yana mafarkin dokunu da kifi, wato kenken nan da kake toshe wa hanci. Da hanya ta buɗe ya dawo, a tasha ya fara ci kafin ya iso gida.

Cofba kuwa ka yi hattara, ba don ƙazanta ba. Tukunyar miya guda za ka tarar da naman daji a ciki, gyazbi, da dodon koɗi da ƙaguwa, wani wurin har da ƙafar alade mai gishiri don ɗanɗano. Ko ka ce kifi kake so, romon ɗaya ne. Su ba ɓoyewa suke ba, in ka tambaya za su gaya maka, ba kuma za su ji haushi ba, sun san mu. Amma sauƙinta ka ci fufu a wurin Musulma, akwai su a kowane zango. Rogo ne da agada aka kirɓa. Ba a tauna shi, ka gutsura kaɗan, ka tsoma a romo, ka haɗiye. In ka tauna zai gundure ka, mutane kuma su gane baƙo ne. Ran Lahadi ka nemi omo tuo da miyar gyaɗa. Tuwon shinkafa ne sak, wannan kam ba zai ba ka kunya ba.

Abu biyu da za su saya maka mutunci wurin Asante da ƙabilar Ga, mutanen Ankara. Kada ka miƙa kuɗi ko alli ko takarda da hagu, in dole ta sa ka ba da haƙuri. In kuma za ka ci abinci a ofis, ko biskit ne, ka yi wa na kusa da kai tayi. Bismillarmu ce, su ma suna da ita, kuma suna lura da wanda ba ya yi.

In ka sami hutu ka hau mota ka zo Kumasi, awa biyar ce ko shida in hanya ta yi kyau. Garinmu ya fi Ankara sanyi.

Bakatsine a Madina:

Abokin aiki, shekarata 4 a wannan sana'a a nan. Manya sun gama maganar abinci, ni abin da ya tsaya mini a rai cewa da ka yi wata uku. Ka buɗe fasfonka yau ka duba hatimi. Kwana 90 da ECOWAS ta ba mu na ziyara ne, ba na aiki ba. Izinin aiki da na zama makarantar ce ya kamata ta nema maka, kuma wasu masu makarantun sai su yi ta ce maka gobe. Ni sai da na biya tara kafin na yi hankali. Ka nemi katin shaidarsu, Ghana Card, na baƙi ma, in ba shi layin waya da asusun banki za su ba ka wahala, nan kuwa komai da MoMo, wato kuɗin waya, ake biya.

Haya: dokarsu ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida, amma ba mai bi. Ka je da dattijon unguwa ko limami, sau da yawa ana sauka zuwa shekara guda. A rubuta, a sa hannu. Kafin ka biya ka dubi gindin bango, in ka ga layin ruwa ka gudu. Damina babba Mayu da Yuni ce, Alajo kuma kan rafin Odaw take. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015 da gobarar gidan mai a Circle, babban shataletalen Accra, sun ci rai fiye da 150. In hadari ya haɗu da yamma ka sallami aji da wuri, ba wanda zai ga laifinka. Gidan sauro kuma ka ɗaura shi tun yau.

Ban sani ba ko ɗalibai sun fara kama ka da "p" da "f". Ni wata 'yar Abijan ce ta ɗaga hannu ta ce wai lamba nawa nake nufi, don a bakina hamsin ta Turanci da "p" take fita. Na ji kunya ranar. Daga baya na mai da abin darasi: na riƙe takarda a gaban baki, in ta motsa "p" ce, in haƙori ya taɓa leɓe "f" ce, muka yi tare. Su ma da nasu, "h" ba ta fita a bakinsu sam. Da suka ga malami ma yana fama sai suka saki jiki.

Bazazzage a Nima ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana goma ke nan, ga rahoto.

Fasfo saura kwana shida ya cika da na duba, Bakatsine ka cece ni, mai makaranta ya fara takardun. Ɗan Tawa, na kafa doka a aji, duk wanda ya yi Hausa ko Faransanci zai tashi ya ba da labarin abin da ya ci jiya da Turanci. Ni na fara karya dokar.

Koko da ƙosai sun zauna daram. Wake da safe ba salak, lafiya lau, shito kuma ina lasa a gefe kamar mai shan magani.

Kawu, saboda labarin ƙanen mahaifinku na ce wa wani malami ɗan Ga da muke aiki tare ya kai ni kenke. Murna kamar na ba shi kyauta. Ya kai ni wurin wata mata da ke tsamo su daga tukunya, da zafinsu, a naɗe cikin ɓawon masara. Ya nuna mini yadda ake ɓarewa, a gutsura, a murza a hannu, a dangwala a ɗanyen barkono da tumatir da albasa da aka niƙa a kasko, a haɗa da soyayyen kifi. Ya ce ƙullin kwana biyu zuwa uku yake yi yana tsami, sai a dafa rabi a haɗa da ɗanyen, a naɗe, a sake dafawa. Loma ta farko na runtse ido. Ta uku sai na ji kamar kamu ne na koko aka daskarar, tsamin bai fi na kunun tsamiyar azumi ba. Rabi na ci. Abin da bai gaya mini ba shi ne nauyinsa, ajin ƙarfe 2 a tsaye na yi shi ina jingina da allo, ido yana rufewa.

Mma, na je kasuwa ran Laraba, na sami kuka da daddawa, na niƙo dawa ba rogo. Miyar ta yi, har maƙwabta suna leƙowa. Tuwon ne ya fito da gudaji kamar tsakuwa, ƙasan tukunya kuma ya kama. Uwargida ta yi mini bayani a waya tana dariya har ban ji rabin abin da ta ce ba. Talgen nan, a ruwan sanyi ake dama garin kafin a zuba, ko sai ruwan ya tafasa? Kuma minti nawa zan bar shi ya nuna kafin in fara tuƙi?